Gurun Bappa Siddi a Layin Sauri

Jiya ina zaune a ƙofar ofis na ji ɗaya daga cikinku yana cewa wai aikin Baba Garba ai yawo ne kawai: ya tura keken mara lafiya, a buɗe masa layin sauri, ya hau jirgi, ya ci shinkafar Larabawa ya dawo. Na ji sarai, ban tanka ba ne don bakina da goro. Yau babu goron, sai ku gyara zama. Sana'ata rakiya ce. In ɗauki tsoho ko mara lafiya daga nan Gombe, in kai shi asibiti a Masar ko Indiya, in dawo da shi hannun iyalinsa. Tura keke kuwa ko jikata tana iyawa, ba shi ne aikin ba.

Layin saurin da kuke ji ana faɗa, wata ƙofa ce a gefe a wurin binciken filin jirgi, ta masu keke da tsofaffi da waɗanda aka yi wa tanadinta tun wajen yankar tikiti. Babu dogon layi, wani lokacin ma ba a sa ka cire takalmi. To mutanenmu sai suka ɗauka ƙofar da ba a bincike ce. Ina! Na'urar da ke can ita ce a nan. A can ma ma'aikaci yana da jama'a tuli a gabansa, ya gaji, a nan kuwa kai kaɗai yake kallo tun daga hula har silifas. Saurin ba su suke ba ka ba, kai kake tahowa da abinka daga gida.

Aikina na farko wata tsohuwa ce a unguwar Madaki za ta Umara. A lokacin ina koyo a hannun marigayi Alhaji Manu, Allah ya jiƙansa, mutum mai faɗa amma ya san aiki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce in zazzage kayanta ɗaya bayan ɗaya. Ni da rawar kai na tambaye ta, "Hajiya, akwai ƙarfe a jikinki?" Ta ce wallahi babu. Alhaji Manu ya harare ni, ya zaro wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya miƙa wa 'yarta ya ce ta bi jikin uwar da shi. Sai ga allura biyu a gefen ɗankwali, ga makullin ɗaki a bakin zane, ga reza a naɗe cikin takarda.

Da muka fito ya ce, "Kai Garba, kai wane irin sakarai ne? Tsohuwa ba ƙarya ta yi maka ba. Allura a wurinta ba ƙarfe ba ce, allura ce. Ka tambaye ta da me take yanke farce, da me take sakace, ina take ɗaure makulli. Ka bar ta ta ba ka labari, kayan za su fito da kansu."

Tun daga ranar na gane binciken gaske a tsakar gida ake yin sa, da hira. Kuma in gaya muku gaskiya, wannan ɓangaren na fi so a duk sana'ar, don ni mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Me ɗan Adam yake ɗauka in zai bar ƙasarsa? Na ga wanda ya ƙulle ƙasar gonarsa a leda. Na ga matar da ta ce ba inda za ta ba tare da dutsen goge kaushinta ba. Man shanu a gorar ruwa kuwa, da daddawa, da yaji, waɗannan kullum ne. Kowanne sai ka san inda za ka sa shi: wannan babban akwati, wannan ya zauna a gida, wannan a riƙe a hannu a nuna tun ba a tambaya ba.

Kayan aikina ba su da yawa, ga jakar nan kuna ganinta. Sikelin ratayawa, ledoji masu zif na zuba magani, silifas ɗin roba, zare da allura, da tazuge. Kuna dariyar tazuge? Duk namijin da zan raka sai na cire masa bel na zura masa tazuge a wando, don bel yana da kan ƙarfe, kuma tsoho mai rawar hannu in ya tsaya kwance bel a gaban na'ura, layin sauri ya zama na jira. Rigar da ke da maɓallin ƙarfe ma a gida nake sauya ta. Ina son fasinjana ya ratsa ƙofar nan shiru kamar kyanwa.

Sai shekarar nan ta zo, wadda bama-bamai suka yi ta tashi a tashoshin mota. Wasunku suna firamare. A lokacin ko masallacin Juma'a za ka shiga sai an bi jikinka da sandar nan mai kuka, kuma duk wanda aka ga tudu a ƙugunsa ƙarƙashin riga, kafin ya buɗe baki an watse an bar shi. Mu da muke fita waje mun ɗanɗana. Ma'aikaci ya buɗe fasfo, ya ga daga wannan yankin kake, sai ya ɗago ya sake duban fuskarka. Fasinja ya yi ƙaranci, sai a yi makonni ban ɗaga jakar nan ba. Alhaji Manu ya riga ya tsufa, ya bar mini ofis ya koma gona. A shekarar na ajiye maganaɗisunsa na sayi irin sandar ƙofar masallaci, don maganaɗisu ba ya kama tagulla da azurfa, na'urar filin jirgi kuwa ba ruwanta.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa a unguwar Kumbiya-Kumbiya, mai suna Hammadu, ya zo mini da maganar mahaifinsa. Sunan tsohon Bappa Siddi, makiyayi ne daga rugagen bayan garin Kwadon. Idonsa na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma likita ya ce tantanin ciki ya fara saki, in ba a yi aiki da wuri ba shi ma zai bi ɗan'uwansa. An samo asibiti a Masar, an sa rana, biza ta fito. Hammadu ba zai iya barin shago ba, ni zan kai shi. Abin da ya ba ni mamaki, sau uku yana nanata mini, "Baba Garba, layin saurin nan dai, ka tabbatar an yi mana shi. An ce a nan ba a taɓa mutum ko?"

Na ce a raina, to fa, akwai magana a ƙasa.

Na je gidan da hantsi. Na tarar da dogon tsoho siriri a kan buzu, sandarsa a gefe, yana juya fuska wajen da murya take fitowa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi shanu. Na yi hirata yadda na saba, aska ta fito, ɗan hantsakin cire ƙaya ya fito. Sannan na ce, "Bappa, ka yi haƙuri zan bi jikinka da wata 'yar sanda, ba ta cizo." Ya yi dariya ya ɗaga hannuwa. Kafaɗa shiru, ƙirji shiru. Ina isowa ƙugu sai ta fasa kuka.

Hammadu ya sunkuyar da kai. Tsohon kuwa ko a jikinsa, ya ɗage riga. Guru ne, na fata, baƙi ƙirin don tsufa, ya zagaye ƙugun, ga wani ƙulli a tsakiya kamar ƙwan zabuwa. Ni ba malami ba ne, halal ɗinsa da haram ɗinsa ba a ofishina ake yankewa ba. Abin da idona ya gani shi ne ɗamara mai tudu, a ƙarƙashin riga, a ƙugun mutumin arewa maso gabas, a wannan shekara.

Na ce, "Bappa, mene ne a ciki?"

Ya ce, "Oho. Inna ce ta ɗaura mini ranar da na fara bin shanu. In fatar ta ci, baduku ya sake rufe wata a kai, ya ƙara igiya. Ba a buɗewa, ba a ajiyewa."

Hammadu ya ja ni zaure yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ya yi lallashi ya gaji, shi ya sa ya nemi layin sauri, a lulluɓe tsohon da babbar riga da bargo a kan keke a wuce, wa zai sani? Na ce, "Hammadu, ka rufa mini asiri. In na'ura ta yi kuka, ma'aikaci ya kai hannu ya ji wannan tudun da kansa, ba maganar rasa jirgi ake ba. Akwai masu bindiga a wurin, kuma su ma tsoro suke ji kamar kowa. Abin da ka nuna da hannunka kaya ne. Abin da suka gano da kansu, sunansa wani abu daban." Ya ce to a yanke shi in tsohon ya yi barci. Na ce wanda ya kwana da shanu a daji shekara da shekaru, kai ne za ka laɓaɓo masa da reza?

Na koma na zauna kusa da buzun. Na ce a sa gurun a babban akwati, ya ce a'a, ba zai shiga cikin jirgi gurun yana wani ɗaki ba. Na ce a bar wa Hammadu ajiya, ya ce in haka ne a bar idon, ai ya ga duniya iya gani. Ba da fushi ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don na san irinsu, in suka faɗi magana a sanyaye an gama.

Da dabara ta ƙare sai na koma surutu kawai. Na shiga ba shi labarin na'urar da ake tura kaya a cikinta, yadda na sha leƙen allonta ta gefen ido in ina jiran fasinja. Na ce tufafi da fata da abinci suna fitowa ruwan lemo, ƙarfe kuwa shuɗi mai duhu, ana ganin cokali a cikin akwati kamar an ɗora shi a tafin hannu. Na ce har yau ban gane yadda haske yake ratsa akwati bai ƙona shi ba, na tambayi mutane da yawa ba wanda ya gamsar da ni.

Sai na ga ya juyo da kunnensa sosai. Ya ce, "Ba a buɗe ba?"

Na ce, "Ba a buɗe ba."

"Har cikin fata?"

"Har cikin fata, Bappa."

Ya shafa ƙullin da babban yatsa. Can ya ce, "Zai daɗe a cikin injin?" Na ce bai kai ka sha ruwa a ƙwarya ka ajiye ba. Ya ce to ya yarda, amma da sharaɗi: shi zai kwance da hannunsa, shi zai ɗaura, kuma in suka ce sai an yanka, in juyo da kekensa mu dawo Kwadon. Na amsa, amma hankalina bai kwanta ba, don ni ma ban san me Innar tasa ta sa a ciki ba. In harsashi ne fa? Makiyayan da ba abin da ba sa ɗinkewa a fata.

Muka tafi Abuja a motar Hammadu. A shingayen hanya ba wanda ya sauke makahon tsoho, Allah ya taimake mu a nan. A filin jirgi na tsayar da keken nesa da ƙofar layin sauri, na tafi ni kaɗai hannuwana a fili, na nemi shugabar masu binciken. Wata mata ce mai jiki, tana jin Hausa irin ta barikin soja. Na ce, "Ranki ya daɗe, tsohona yana da guru a ƙugu, akwai ƙarfe a ciki, mu ma ba mu san ko mene ne ba. Na zo in faɗa tun kafin na'ura ta faɗa. Shi zai cire da kansa, roƙona kada a yanka."

Ta dube ni, ta dubi tsohon daga nesa. Ta ce, "Kawo shi. A hankali."

Duk da an sanar, da Bappa Siddi ya ɗage riga sai da wani saurayin ma'aikaci ya ja da baya har ya ture tiren zuba kaya. Ɗan sandan da ke tsaye a gefe ya gyara riƙon bindiga. Mutanen dogon layi da suka hango suka fara matsawa, wata mata ta suri ɗanta. Ni dai ina tsaye ina murmushin da bai kai ciki ba, tsoro na ji ƙwarai. Tsohon bai ga ko ɗaya ba. Yana ta fama da ƙullin igiyar da ya shekara bai kwance ba, yana 'yar waƙarsa ta Fulatanci a hanci. Da ya kwance na kama hannunsa na kai kan tire, ya ajiye kamar mai kwantar da jariri.

Tiren ya shige. Matar ta tsaya a bayan mai kallon allo, ta sa aka dawo da shi baya, aka sake turawa. Saurayin nan ya ce da Turanci a yanka a gani. Na ji, na yi kamar ban ji ba, hannuna yana kan keken, ina tunanin yadda zan juya shi in gaya wa Hammadu. Matar ta ɗauki wani ɗan ƙyalle ta goga a jikin fatar, ta sa a wata na'urar da ke shinshino hodar bam, ta jira. Sannan ta ɗauko tiren da kanta ta kawo.

Ta ce, "Baba, ɗauki kayanka. Ka san abin da ke ciki kuwa? Wani ɗan..."

Ya ɗaga hannu da sauri. "A'a, 'yata, kada ki faɗa. Ido za a gyara mini. In na dawo na gani da kaina."

A jirgi ni ne na kasa zama. Wallahi ƙaiƙayin son sani kamar ya kashe ni, na yi ta cizon yatsa ban zagaya na leƙa allon ba. A Masar ma sai da muka sake wannan rawar a asibiti, don likita ya ce ba a shiga ɗakin aiki da komai a jiki. A nan muka daidaita, aka naɗe gurun a leda aka ɗaura masa a damtse. Aka yi aiki, muka yi makonni yana kwance rub da ciki yadda suka umarta, yana mitar abincinsu ba nono mai tsami. Na hagu dai ya tafi. Na dama ya dawo kaɗan-kaɗan, ba tangaran ba, amma ranar da ya dube ni ya ce, "Ashe kai gajere ne," na san an dace.

Ranar dawowa tun a mota yake tuna mini cewa yana son ganin cikin gurun a allo. Na ce, "Bappa, ba a barin fasinja ya kalli allon nan, doka ce, kuma nan ba ƙasarmu ba ce." Ya ce, "Kai dai ka roƙa." To ga wani amfanin layin sauri da ba a rubuta a tikiti ba: shi ne wuri ɗaya a filin jirgi da ma'aikaci yake da lokacin sauraronka. Muka tarar ba kowa a ƙofar sai wani dattijon Balarabe mai furfurar gashin baki. Na yi masa bayani tun daga nesa kamar yadda na yi a Abuja, da guntun Larabcina da nuni da hannu. Ya gane abin da wuri, ya ce su ma a ƙauyukansu tsofaffi suna ɗaura irinsa. Da na zo kan roƙon, ya girgiza kai. Na nuna masa idon, na ce sabo ne, kuma tun yana yaro yake ɗauke da abin nan bai taɓa sanin cikinsa ba. Ya waiga dama da hagu, ya tura tiren, ya tsayar da shi a tsakiyar na'ura, sannan ya ɗan juyo da allon wajenmu.

Ga gurun nan ruwan lemo, fata a kan fata a kan fata. A tsakiyar ƙullin ga wani abu shuɗi mai duhu, lanƙwasasshe, da 'yar murɗa a ƙasa. Ni ban gane shi ba. Bappa Siddi ya tashi daga keken, ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Garba, ɗan kunne ne."

Na ce, "Na wa?"

"Na Inna. Da na dawo daga kiwon farko na tarar kunnenta ɗaya ba komai. Na tambaye ta, ta ce ya faɗi a rafi wajen wanki. Su ke nan abin adonta, ba ta da wasu." Ya ci gaba da cewa, "Rani guda na yi ina tona yashin rafin nan ina nema mata. Tana kallona daga bakin gaɓa, tana cewa in bari, in Allah ya so yana nan kusa. Har ta rasu ɗan kunne ɗaya take sawa."

Hawaye ya zubo daga idon da aka gyara, na ruɗe ina laluben auduga, don likita ya ce kada a bari ya murza. Ni ma nawa idon ya cika, ba zan ɓoye muku ba.

Balaraben ya tambaye ni me tsohon yake cewa. Larabcina na sayen magani ne da cinikin tasi, bai kai nan ba. Na ce masa kawai, na mahaifiyarsa ne. Ya tashi daga kujerarsa, ya ɗauko gurun daga tire da hannu biyu, ya tsaya yana riƙe wa Bappa Siddi gefen riga har ya gama ɗaurawa.